CIWON DA KUNYA KE RUFEWA: ABIN DA BINCIKEN LIKITOCI YA GANO GAME DA LALURAR FITSARI GA MAZA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

GABATARWA

Kafin in shiga magana ina neman ahuwa daga dattawa da iyayenmu mata, domin batun da zan taɓo ba a saba faɗarsa a bainar jama'a ba. Magana ce a kan fitsari da hanyoyinsa, da cututtukan da ke kama maza ta wannan gefe. Bahaushe ya ɗauki kunya ado, kuma gaskiya ce ado ce. Amma kunyar da za ta sa magidanci ya yi shekara uku yana fama da ɗigar fitsari bai faɗa wa kowa ba, har ƙodarsa ta lalace, ta tashi daga ado ta koma asara.

Ni malamin makaranta ne, kuma aikin malami shi ne ya karanta abin da masana suka gano, ya warware shi yadda kowa zai gane. Don haka zan kawo muku cututtuka uku da suka fi addabar mazajenmu, in faɗi abin da binciken asibiti ya tabbatar a kan kowace, sannan in rufe da abin da ya rataya a wuyanku, ku da Allah ya kai birni.

MENE NE BINCIKEN ASIBITI?

Mai tallar magani da lasifika a kasuwar Tsafe ko tashar Gusau yakan kafa hujja da cewa wane ya sha ya warke. Ba ya faɗin nawa ne suka sha ba su warke ba, ko nawa ne za su warke ko da ba su sha ba. Binciken asibiti amsar waɗannan tambayoyi yake nema. Akan tara marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya sabon magani, ɗaya kashin kuma a ba shi tsohon magani ko ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. Daga nan sai a yi ta bibiyarsu wata da watanni, wani lokaci shekara da shekaru, ana rubutawa, a ƙarshe a ƙirga. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga irin wannan ƙirga ya fito.

TSARGIYA

Duk wanda ya yi koyarwa a ƙauyukan da ke gaɓar gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau ya bi ta Bunguɗu, ya san tsargiya. Yaro ne zai yi fitsari, a ƙarshensa jini ya biyo baya. Da yawa daga iyaye sun ɗauke ta abin da kowane ɗa namiji zai yi ya wuce, wasu ma sun ce zafin rana ne ke kawo ta.

A shekarar 1851 wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz, da ke aiki a wani asibiti a Alƙahira, ya gano tsutsar da ke haddasa wannan ciwo. A 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar, a can Masar ɗin, cewa sai ta bi ta jikin dodon koɗi na ruwa kafin ta kama mutum. Ga yadda abin yake. Mai ciwon yakan yi fitsari a rafi ko kududdufi, ƙwayayen tsutsar su fita tare da fitsarin su ƙyanƙyashe, su shiga jikin dodon koɗi su hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai su fito cikin ruwan su huda fatar duk wanda ya shiga wanka, ko su, ko wanki, ko aikin fadama. A cikin jiki sai su girma su zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwayayen da suka maƙale a bangon mafitsara su ke kawo rauni da jini. Wannan ne ya sa duk inda aka tare ruwa don noman rani, kamar madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, sai an sa ido a kan tsargiya.

Jinin yakan ɗauke idan yaro ya girma, sai a ɗauka an rabu. Amma tabon yana nan, kuma zai iya toshe hanyar da fitsari ke saukowa daga ƙoda. Mafi muni, a 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A 2007 Farfesa Isma'ila Mungadi da abokin aikinsa Malami suka buga sakamakon nazarin da suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda suka nuna cewa fiye da rabin ciwon dajin mafitsara da aka gani a can irin wanda ke tafiya tare da tsargiya ne, saɓanin Turai inda wani iri dabam, mai alaƙa da shan taba, ya fi yawa. Wato yaron da aka yi wa dariya yana ɗan shekara goma, shi ne zai iya zama magidancin da za a kwantar a Sakkwato yana ɗan shekara arba'in da biyar.

Abin takaici shi ne gano wannan ciwo da magance shi ba su da wuya. Fitsari kaɗan ake ɗiba, an fi so tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a duba da madubin likita a ga ƙwan. Akwai kuma 'yar takarda da ake tsomawa cikin fitsari, ta canza launi idan akwai jinin da ido ba ya gani. Maganin shi ne ƙwayar da ake rubuta sunanta Praziquantel a jikin kwali, wadda aka samar a Jamus a shekarun 1970. Sha ɗaya ake yi, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum, kuma a makarantu da sandar awon tsayi ake tantance ƙwaya nawa za a ba yaro. Tun 2007 kamfanin Merck ke ba da ita kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2022 hukumar ta ba da shawarar cewa duk garin da mutum 10 cikin 100 ke da ciwon, a riƙa ba kowa magani duk shekara, tun daga ɗan shekara 2. Sai dai maganin ba ya hana sake kamuwa. Muddin yaro ya koma wannan ruwa, ciwon zai dawo, don haka rijiyar burtsatse da masai suna cikin magani.

KUMBURIN FUROSTET

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka mai kamar girman goro, wadda likitoci ke kira furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarta ta bi. Idan shekaru suka ja sai ta fara girma ta matse hanyar, kamar yadda za a take tiyon ban ruwa da ƙafa. Wani nazari da aka buga a Amurka a 1984 ya nuna cewa kusan rabin mazan da ke tsakanin shekara 50 da 60 suna da wannan girma, kuma a cikin waɗanda suka haura 80 kusan 9 ne cikin 10. Wannan kumburi ba ciwon daji ba ne, kuma ba hukuncin wani laifi da mutum ya aikata ba ne. Tafiyarsa ɗaya da furfura.

Alamunsa sanannu ne: tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, daɗewa a tsugune kafin ya fito, fitowa ba ƙarfi, yankewa ya dawo, ɗiga bayan an gama har ya ɓata wando, da jin kamar bai ƙare ba. Dattijon da ya fara ƙin doguwar tafiya a mota, ko ya riƙa sake alwala a kai a kai, ko ya daina zama majalisa, sau da yawa wannan ne ke damunsa, amma abin da zai ce shi ne sanyi ne ko basir. Tun 1992 likitoci ke amfani da wasu tambayoyi guda 7 don auna tsananin waɗannan alamu. Bayan tambayoyin sai a duba furostet ɗin da yatsa ta dubura, abin da bai wuce minti ɗaya ba, a gwada fitsari da jini, a yi hoton ciki don a ga yawan fitsarin da ke saura a mafitsara da halin da ƙoda ke ciki.

Magunguna iri biyu ne. Na farko, irin su Tamsulosin, suna sassauta tsokar, kuma cikin 'yan kwanaki ake jin sauƙi. Na biyu, irin su Finasteride, suna rage girmanta, amma sai an yi kamar wata 6 ana sha. A 2003 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka a kan maza 3,047, wanda ya nuna cewa haɗa iri biyun yana rage haɗarin tsanantar ciwon da kashi 66 cikin 100. Idan magani ya gaza akwai aiki, kuma a yau ana iya shiga da na'ura ta hanyar fitsarin a kankare abin da ya toshe ba tare da an tsaga ciki ba.

Ranar da fitsari ya ɗaure gaba ɗaya, mara ta kumbura, ba ranar jiƙe-jiƙe ba ce. A kai mutum asibiti a sa masa roba nan take. Roba kuma matakin ceto ne kafin a yi magani. Barin dattijo da ita wata da watanni ba a canza ba, ba a kuma nemi likitan mafitsara ba, yana jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa.

Ba kowace toshewa ce daga furostet ba. Matashi ma hanyar fitsarinsa kan tsuke saboda tabon ciwon sanyi da ba a magance shi sosai ba, ko bayan karayar ƙugu a haɗarin babur. Wannan ma yana da gyara. Likitocin Sakkwato suna cikin waɗanda suka yi rubutu a kan dabarar yanko 'yar fata daga cikin kunci a faɗaɗa hanyar da ita.

CIWON DAJIN FUROSTET

A dā akwai masu cewa wannan ciwo bai cika kama baƙar fatar Afirka ba. A 1997 Farfesa Osegbe na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya buga binciken da ya rushe wannan zance, ya nuna cewa ciwon yana nan da yawa, kuma mafi yawan masu shi sai ya riga ya bazu suke zuwa asibiti. A yau shi ne ciwon dajin da ya fi kama maza a Nijeriya. A Ingila an ƙiyasta cewa baƙar fata 1 cikin 4 zai gamu da shi a rayuwarsa, alhali a cikin Turawa 1 ne cikin 8. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa masu kamuwa da shi a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040.

Sharrinsa shi ne a farko ba ya nuna alama. Kafin ciwon baya da na ƙashi da rama su bayyana, ya yi nisa. Shi ya sa ake gwajin jinin da ake kira PSA, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1994 don neman ciwon. Amma ina so ku fahimci wannan gwaji da kyau, don kada ya jefa iyali cikin firgici. Kumburi na tsufa, da ƙwayoyin cuta, da sa roba duk suna iya ɗaga shi. Kusan 3 cikin 4 na mazan da gwajinsu ya hau, idan an tsinko tsokar an duba ba a samun daji. Hawan PSA kira ne zuwa ƙarin bincike kawai. Wanda ke shan Finasteride kuma ya faɗa wa likita, domin maganin yana rage sakamakon da kusan rabi.

Shin gwajin yana ceton rai? A 2009 wani bincike da ya haɗa maza kusan 182,000 a ƙasashen Turai 7 ya nuna cewa yana rage mutuwa daga wannan ciwo da kashi 20 cikin 100. Amma ya kuma nuna cewa ana yi wa mutane da dama aikin da ba su buƙata, domin wani dajin tafiyar hawainiya yake yi, har mutum ya cika kwanansa bai dame shi ba. Masana a Ingila kuma sun bi maza 1,643 da aka gano nasu tun bai bazu ba. Aka yi wa wasu tiyata, aka gasa wa wasu da haske, wasu kuma aka sa musu ido kawai ana gwaji lokaci zuwa lokaci. A 2023, bayan shekara 15, kusan 97 cikin 100 ba su mutu da ciwon ba, ko da wace hanya aka bi. Darasin a fili yake: idan an gano da wuri, akwai lokacin shawara kuma akwai zaɓi. Ko wanda nasa ya bazu ba a yanke masa ƙauna. Tun 1941 Charles Huggins ya gano cewa wannan daji da sinadarin mazakuta yake rayuwa, kuma idan an yanke masa shi, da allura ko da ƙaramin aiki, yakan lafa. Wannan ganowa ce ta ba shi kyautar Nobel a 1966.

ME YA SA MUKE BUKATAR BINCIKE A GIDA?

Kusan duk mazan da aka yi wancan bincike na Ingila a kansu Turawa ne, alhali ciwon ya fi tsanani a kanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An fara gyara wannan giɓi, domin a 2024 aka buga nazarin ƙwayoyin gado na maza fiye da 7,000 daga Nijeriya, Gana, Senegal, Afirka ta Kudu da Yuganda. Amma manomin Kwatarkwashi ko 'Yandoto da ya rasu a gida ba a san me ya kashe shi ba, babu littafin da ya shiga. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ba a yi masa kasafi.

Na san abin da ke zukatan wasunku. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya haɗa yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Amma tun 2007 Nijeriya take da ƙa'idar ƙasa a kan binciken lafiya, kuma sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin a fara kowane bincike. Duk wanda aka nema ya shiga yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, a faɗa masa amfani da haɗari, a ɓoye sirrinsa, kuma ya ƙi ko ya fita duk lokacin da ya so ba tare da an hana shi magani ba. Ku da kuka yi boko, aikinku ne ku karanta wa iyayenku takardar kafin su sa hannu. Idan ta cika waɗannan sharuɗɗa, ku ƙarfafa musu gwiwa.

SHAWARWARI

Na farko, kowane ɗayanku idan ya je gida ya keɓe da mahaifinsa ko kawunsa ya tambaye shi sau nawa yake tashi cikin dare. Idan nauyin baki ya hana, a aika aboki ko sa'ansa. Kuɗin cefane da kuke aikawa ba za su yi wannan tambaya ba.

Na biyu, duk namijin da ya kai shekara 45 ya ga likita a yi shawara a kan gwajin PSA. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, ya fara tun yana da 40. Wannan ya haɗa da ku da ke zaune a nan cikin manyan riguna.

Na uku, abubuwa uku ba sa jiran gobe: ɗaurewar fitsari, jini a fitsarin babba ko da sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, da ciwon maraina mai tsanani da ya taso wa yaro ko saurayi farat ɗaya, domin idan murɗewa ce, bayan kamar awa 6 ana iya rasa ƙwan.

Na huɗu, a guji maganin ƙarfin maza na bakin titi. Raunin namiji sau da yawa alama ce ta ciwon sukari ko hawan jini, kuma waɗannan su ya kamata a gwada.

Na biyar, ƙungiya ta ware wani kaso na asusunta don sufuri da masaukin marasa lafiya. Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suna Gusau, amma wani aikin sai an dangana da Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 200, ko Shika a Zariya, ko Asibitin Malam Aminu Kano. Ga talakan da rashin tsaro ya raba da gonarsa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da shi a gida. A kuma taimaka a yi wa dattawa rajistar inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta ga kowane ɗan ƙasa.

Na shida, mu haɗa kai da sassan lafiya na ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bunguɗu a gwada fitsarin ɗaliban firamare da almajirai a garuruwan bakin gulbi, a tabbatar maganin kyauta ya isa gare su, a rubuta adadin, a kawo mana rahoto a taro mai zuwa.

Na bakwai, cikin 'ya'yanmu da ke karatun likita, a zaɓi masu sha'awar ƙwarewa a fannin mafitsara a tallafa musu, bisa alkawarin za su dawo su yi aiki a gida.

KAMMALAWA

Jama'a, tsargiya tana da magani na sha ɗaya. Kumburin furostet yana da ƙwaya kuma yana da aiki. Dajin furostet, idan an riske shi da wuri, mafi yawan masu shi suna tsira. Masana sun yi nasu, wasu a Alƙahira, wasu a Turai da Amurka, wasu a nan Sakkwato da Legas. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin ɗakin dattijon da ke nishi cikin dare da ƙofar asibiti, kuma mu ne za mu cike ta da bakinmu da aljihunmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su kafa kwamiti a kan waɗannan shawarwari kafin a tashi daga wannan taro.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a Jihar Zamfara, ya mai da kowa gidansa lafiya.